Tsarabar Tsingaro

Ƙadri ɗan fari ne, kuma a Baudeta ta wancan zamani wannan ba ƙaramar magana ba ce. Innarsa Biba ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zaunar da shi ta yi hira da shi ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ɗakinta da ke can ƙuryar gidan. In Biba ta ga bai ci abinci ba, sai ta ce tana kallon murhu, "Akwai wanda bai ci tuwo ba a gidan nan." In za ta aike shi, ƙanwarsa Zeinabou take aikawa ta aike shi, ko da yana tsaye a gabanta. Kunyar ɗan fari ce, haka ta taras ana yi, haka ta yi. Shi ma bai taɓa ɗaukar abin a ƙiyayya ba, don tun yana ƙarami ya lura tsokar da ta fi girma a miya akushinsa take faɗawa.

Biba maginiyar tukwane ce. Da an gama kaka, mijinta Danda ya kai gyaɗarsa wurin awo, sai nata aikin ya tashi. Takan ɗebo yumɓu daga bakin tafki, ta jiƙa, ta tattake da ƙafa. Amma yumɓu shi kaɗai ba ya jure wuta, fashewa yake yi. Sai an daka tsingaro, wato ɓaraguzan tsofaffin tukwane, an tankaɗe garin an cuɗa a ciki. Maginan ƙasar sun yarda cewa tsingaron da ya fi daɗewa a ƙasa shi ya fi riƙe tukunya, saboda haka mata kan yi sammako da kwanduna zuwa kufai, inda wani gari ya taɓa zama ya tashi, su wuni a duƙe suna tsinta. Nan wahalar sana'ar take. Da girma ya fara kama Biba, gwiwarta ta soma ƙin tafiyar, har ta koma tana haƙuri da ɓaraguzan bayan gida.

Shekarar da aka zo ɗiban yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, Ƙadri ya faɗa ciki. Kakarsa ta yi ta kuka har bakin gari. Biba ba ta fito ba, tana can bayan ɗaki tana daka. Ya yi karatun farko a Tasawa, aka wuce da shi Yamai. Samun mulkin kai ya same shi a ajin ƙarshe, kuma da yake sabuwar ƙasa tana neman 'ya'yanta masu ilimi, aka ba shi bursu, wato tallafin karatu, zuwa jami'a a Dakar ya karanta shimi, ilimin sanin abin da ke cikin kowane abu da yadda ake rarrabe shi.

A can ne tsingaro ya sake samunsa. Wata rana malaminsu, wani dattijon Bature mai yawan shiru, ya shigo ɗakin gwaji da kwali cike da ɓaraguzan tukwane da aka tono a wani tsohon gari, yana neman ɗalibin da zai yi aiki a kansu. Sauran suka kau da kai, kowa mai da magunguna da ma'adinai yake hange. Ƙadri ya ɗauki guda ya juya. A cikinsa akwai ɗan lotsi, ya sa babban yatsansa ya zauna daidai. Wurin da wata mata ta danna ne tana gini, tun kafin a haifi kakan kakansa. Bai mayar da shi cikin kwalin ba.

Aikin kansa ba shi da kwarjini. A ɓalli ɗan kaɗan daga tsingaro, a daka a wani ɗan turmin dutse da bai fi kofin shayi ba, a narkar da garin cikin asid, a auna ƙarfen da ke ciki nawa ne, farar ƙasa nawa ce. Kowane tafki da irin yumɓunsa. In an bi awon a hankali, sai a gane tukunyar nan a garin aka gina ta, waccan kuwa daga nesa aka kawo ta, daga nan a san su wa suke cin kasuwa da su wa a zamanin da ba wanda ya rubuta.

Da ya zo hutu, suna zaune a tsakar gida da hantsi, Danda ya tambaye shi.

"To, ɗan lakwal, likita za ka zama?"

"A'a, Baba."

"Kumandan ke nan?"

"Ba kumandan ba. Tsofaffin tukwane nike bincike. Ina daka tsingaro in ga abin da ke ciki."

Zeinabou, wadda ke tsince wake, ta ajiye faifan ta yi ta dariya har da riƙe ciki. "Yaya, har Dakar aka kai ka cikin jirgin sama don ka koyi aikin Inna? Da ka faɗa mini ai da na ara maka taɓarya."

"Ke, tafi can. Turmina bai kai tafin hannunki ba."

"Ashe ma raggon mai daka ne."

Danda ya girgiza kai ya ce Allah dai ya sa albarka. Biba tana gefe, ta ba su baya, tana shafe wuyan wata randa. Ƙadri ya ga hannunta ya tsaya a kan randar, ya jima kafin ya ci gaba.

A shekararsa ta ƙarshe malamin ya kira shi ya ce akwai gurbi ɗaya na zuwa Faransa yin babban digiri, kuma shi yake so ya tura. Sai dai dole ya kawo aiki nasa na kansa, daga ƙasarsu, wanda ba wanda ya taɓa yi. Ƙadri ya san wurin. Kusa da Attantane, a ƙasar Mayahi, akwai wani tudu da ba a san mutanen da suka zauna a kansa ba, ko tsofaffi ba su da labarinsu. Ya kuma ji cewa masu gyaran hanyar da motocin gyaɗa ke bi sun fara ɗibar ƙasar tudun suna cike kwari da ita. In bai je a ranin nan ba, ba zai taras da komai ba.

Aka ba shi izini ya zo. Shugaban masu aikin hanyar ya ce zai bar masa gefe guda har su gama da ɗayan. Ƙadri ya ɗauki maza biyu masu haƙar rijiya, suka shiga tona rami, ba irin na rijiya ba, a hankali, taki bayan taki. Duk tsingaron da ya fito daga hawa ɗaya na ƙasa sai ya zuba shi a 'yar jakar ƙyalle ta daban, ya ɗaura mata takarda mai lamba. Na sama su ne na baya-bayan nan, na ƙasa su ne na mutanen farko. Duk amfanin aikin a rarrabewar nan yake. Tsingaron da ba a san daga wane hawa ya fito ba, ba abin da zai faɗa wa kowa. Masu haƙar suna yi masa ba'a wai ya bar gyaɗa tana kuɗi yana tara shara, yana dariya yana ɗaure jakunkunansa. Ran da ya rufe aiki, ya cika buhunan gyaɗa uku, motar masu hanya kuwa tana tsaye tana jiran ya kauce.

Ya ɗora buhunan a amalanke, daga baya a jakuna, har Baudeta. Ya rasa inda zai ajiye su awaki da yara ba su taɓa ba, sai ya ga ba wuri mai tsaro kamar rumfar da Inna ke aiki, inda ba mai shiga sai ita. Ya jingine su a can. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallo ta gefen ido. Bai yi mata bayani ba, don ba su saba magana ba, kuma Zeinabou da ke isar da saƙo a tsakaninsu ta tafi biki wani ƙauye. Ya dai durƙusa ya ce, "Inna, na ajiye kaya a rumfa. Zan tafi Maraɗi." Ta ce da ƙofar ɗaki, "Allah ya kiyaye hanya."

Mota ya je nema da za ta kai shi Yamai da buhunansa. Lokacin jigilar gyaɗa ne, kowace babbar mota an cika ta har sama, kuma duk Kano suka nufa. Direbobi suna jin kayan tsingaro ne sai su yi dariya su juya. Abin da ya zaci kwana biyu ne ya kai shi kusan mako uku kafin wani ya yarda.

Da la'asar ya iso gida. Tun daga bakin gari ya hangi hayaƙi a matoya, inda mata ke gasa tukwane, bai kawo komai a ransa ba. Yana shiga, abin da ya fara gani shi ne jakunkunan ƙyallensa a jere a kan danga, an wanke su tas an shanya. Ya tsaya. Ya nufi rumfa. Buhunan nan uku suna nan a ninke, ba komai a ciki. A gefe ga wata babbar ƙwarya cike da jan gari mai laushi, an tankaɗe shi, an rufe da faifai.

Ya zauna a kan turmi. Ya ɗebi garin a hannu ya murza. Mutanen farko da na ƙarshe, duk sun zama abu guda.

Zeinabou ta shigo da sauri, ta dawo tun kwanaki. Fuskarta cike da murna ta ce, "Yaya, ka ga abin da ka yi? Tun da na dawo Inna ba ta zauna ba. Duk wadda ta shigo sai ta buɗe mata buhu ta ce, 'Ku duba tsarabar da wancan ya kawo mini. Ya san gwiwata ba ta kai ni kufai, ya tahi har Attantane ya haƙo mini.' Ta ce tun da take ba ta taɓa daka tsingaro mai kyan wannan ba, ƙara yake yi kamar ƙarfe. Har ta ɗiba ta rarraba wa maƙwabta." Sai ta lura da fuskarsa. "Yaya, lafiya?"

"Takardun da ke jikin jakunkunan fa?"

Ta miƙa hannu cikin jinkar rumfa ta jawo wani ɗan ƙullin tsumma. Takardun ne duka, an kwance su ɗaya bayan ɗaya, an jera, an ɗaure. "Ta ce rubutu ne, ba a barin shi a ƙasa, kar a ce da sunan Allah a ciki."

Ƙadri ya karɓa ya riƙe. Ya gaya mata, a hankali, abin da buhunan suke, da abin da ya rataya a kansu, da cewa tudun yanzu yana ƙarƙashin tayoyin motocin gyaɗa. Zeinabou ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi. Bari in tahi in gaya mata."

"Ki gaya mata mi?"

"Ta san abin da ta yi mana! Shekara nawa kana wahala?"

"Zauna, Zeinabou."

"Ai sai ta tambaya. Mutum ya ga kaya a ɗaure da takardu, ba ya tambaya?"

"Wa za ta tambaya? Ni?" Ya ɗago ya dube ta. "Tun da kike kin taɓa jin ta tambaye ni ko ruwa na sha? Ni na kai tsingaro rumfar maginiya. Da kunnenta ta ji na ce daka shi nike yi. Mi kike so ta zata?"

Zeinabou ta soma hawaye. Suna nan suka ji tafiyar Biba, tana jan ƙafa kaɗan. Ta shigo rungume da tulu, bayanta wata maƙwabciya ɗauke da randa, duka sabbin fitowa daga wuta, ja wur, wuyansu da zanen igiya mai kyau irin wanda ba ta yi wa na kasuwa. Ta ajiye tulun nesa kaɗan da shi, ta juya wajen ɗiyarta.

"Ke, ki ce wa wancan, an ce ruwan can garin nasu ba ya sanyi. Ga tulu. Randar kuma a ajiye mishi har ya yi iyali."

Zeinabou ta dubi yayanta.  Ƙadri ya san in ya buɗe baki ya faɗi gaskiyar abin, matar nan ba za ta ce uffan ba, za ta koma ɗaki, kuma ba za ta ƙara ɗaga kai a gabansa ba har ta mutu. Tudun kuma ba zai dawo ba ko ya faɗa. Ya sauko daga kan turmin ya durƙusa.

"Ki ce wa Inna na gode. Allah ya saka da alheri. Ki ce mata na ji daɗi da tsarabar ta yi mata."

Biba ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce da randar, "Ta yi." Ta fita.

Kwanakin da suka rage kafin motar ta zo, Ƙadri bai zauna ba. Tun da ya rasa abin da ya zo nema, ya duba abin da ya rage a hannunsa. Ga garin tsingaro a ƙwarya. Ga tafkin da aka ɗebo yumɓu. Ga tulun da aka haɗa su biyun aka gasa. A ɗakin gwaji kullum tukunyar kawai suke samu, su yi ta hasashen yumɓunta. Shi yanzu yana da duka ukun. Ya tura Zeinabou ta tambayi Inna daga wane gefen tafki ta ɗiba, kuma gari ƙwarya nawa take zubawa a kwando. Biba ta amsa da jin daɗi, tana ce wa ɗiyarta, "Ashe da gaske yake son sana'ar." Ya ƙulla yumɓu da gari a jakunkunan nan da ta wanke, ya hau saman kayan motar rungume da tulu a cinya har Yamai.

A Dakar malamin ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce, "Mahaifiyarka ta daka zamani huɗu a turmi ɗaya?" Ƙadri ya ce ƙila ma biyar. Dattijon ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya yarda Ƙadri ya rubuta aikinsa a kan tulun, amma ya gaya masa a fili cewa wannan zai ba shi takardar gamawa ne kawai, ba zai kai shi Faransa ba. Gurbin wani ɗalibi aka ba.

Ran da zai fara awon, sai da ya ɓalli leɓen tulun. Ya daɗe riƙe da 'yar guduma kafin ya buga. Abin da ya samu ya rubuta shi a 'yan shafuka: tukunyar da aka cuɗa da tsohon tsingaro tana ɗauke da alamar tafki biyu, nata da na tukwanen da aka daka, saboda haka mai awo yana iya cewa daga nesa aka kawo ta alhali a bayan gida aka gina ta. Ba babban bincike ba ne. An buga shi a wata mujallar masana, wasu suka karanta suka gyara lissafinsu, wasu ba su kula ba.

Ya dawo gida bai zama dokta ba. Ya yi aikinsa a Yamai, a ɗakin gwajin wata cibiyar bincike, yana auna tsingaron da wasu suka tono, daga baya yana koyar da ɗalibai. Waɗanda suka yi karatu a hannunsa suna tuna shi da abu biyu: ba ya ɗaga murya, kuma duk wanda zai fita tono sai ya ce masa, "In ka kawo kaya gida, kafin ka sha ruwa ka gaya wa mutanen gidan ko mene ne." Sukan yi dariya, ba su san mafarin maganar ba. Zeinabou ta taɓa tambayarsa ko yana jin zafin Faransar nan da bai je ba. Ya ce yana ji mana, musamman in ya ga sunan wancan ɗalibin a bangon littafi. Ya ce amma tudun ya fi yi masa ciwo, don mutanen da suka zauna a kansa ba wanda zai ƙara jin labarinsu.

Akwai abin da bai zata ba. Hutun da ya biyo baya ya zo da turmin atamfa da sukari da sabulu. Biba ta sa albarka, amma ya ga idonta yana zagaya kayan kamar mai neman wani abu. Da yamma ya ji tana ce wa Zeinabou, "Bana wancan bai samu zuwa kufai ba, aiki ya yi mishi yawa." Tun daga shekarar, duk zuwan da zai yi sai ya zo da buhu. Tsingaro ne na gaske, tsoho, wanda aka gama aunawa aka rubuta aka ce a zubar. Yakan tara shi a bayan ɗakin gwaji, ya ɗaure a 'yan jakunkuna kamar na farko, don haka ta san tsarabar. Fari ya zo, gyaɗa ta mutu a ƙasar, motocin suka daina bin hanyar Attantane, tukwanen ƙarfe suka cika kasuwa, buhun Ƙadri bai fasa zuwa ba. Ko da hannunta ya daina iya gini, takan sa a buɗe mata, ta ɗauki guda biyu ta gwara su kusa da kunnenta, ta ce, "Wannan ya yi," ko kuma, "Wannan bai kai na Attantane ba."

Ta rasu ba ta sani ba. Danda ma bai sani ba. Zeinabou ce ta riƙe maganar, ba ta fitar da ita ga 'ya'ya da jikoki ba sai bayan da aka binne yayanta. Randar tana Baudeta, an daina zuba mata ruwa don ta tsage a gindi. Tulun kuwa yana Yamai a gidan iyalinsa, a kan kaskon yashi a inuwar baranda, da ɗan giɓi a leɓensa. Har yanzu in zafi ya yi zafi, yaran gidan sukan bar firji su je gare shi da moɗa.